Elden Ring a PS4: ƙara lebul bai cece ni ba

Kaset ɗin Elden Ring na hannu na samo a wani shago wajen Beirut Road a Kano, sati uku kenan ina bugawa kuma wallahi tun da nake gem ban taɓa shan duka irin wannan ba. FromSoftware ne suka yi shi, masu Dark Souls, ya fito a Fabrairun 2022.

Ni da gem ɗin da lamba ke yi maka faɗa na taso. Morrowind na 2002 na buga a tsohuwar kwamfutar yayana, kana gani da idonka takobinka ya sami mutum amma ko gezau, saboda ƙwarewarka da makamin ba ta kai ba, ƙuri'a gem ɗin ke jefawa a ɓoye. Shi yasa a Elden Ring da Margit, wani babban abokin gaba, ya tare ni a hanyar shiga fadar Stormveil sai na koma na yi kwana biyu ina tara runes, wato kuɗin gem ɗin da ake ƙara lebul da su, ina zuba wa Vigor (yawan rai) da Strength (ƙarfi), na dawo da ƙarfina, ya sake shimfiɗe ni. Mutumin nan sai ya ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama kamar ɗan damben da ke jiran ka fara motsi, kai kuma tsoro ya sa ka yi birgima da wuri, sannan ta sauko maka a ka. Ranar da na kayar da shi ko lebul ɗaya ban ƙara ba, yatsana ne kawai ya koyi jira, kuma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a Morrowind ba.

Lambobin ma suna aiki fa. Makamin da ƙarfinka bai kai ba saransa ba ya ci sosai, in kuma kayan da ka sa sun wuce kashi 70 na abin da za ka iya ɗauka birgimarka ta yi nauyi kenan, ga numfashi yana ƙarewa in ka yi ta sara ba tsayawa. Wannan ya yi min kama da zahiri. Birgima ta cikin kaifin takobi kam ba zahiri ba ne, amma na yafe, tunda in na mutu na san ni na yi kuskuren.

Abin da ya ɓata min rai shi ne babu maɓallin tsayar da gem. Ana kiran Magariba kana tsakiyar faɗa dole ka ajiye a kashe ka, in ka dawo ka bi sawun runes ɗinka da suka zube a inda ka mutu.