Fankar Sama ko Ta Tsaye: Wacce Ta Fi Cin Kuɗi?

Kuɗin fankar sama ba ya ƙarewa a shago. Bayan ka saye ta, akwai waya, da ƙugiyar rataya, da ladan mai aikin wuta. In ɗakin silin POP ne, dole a nemo katako ko ƙarfe mai ƙarfi a can sama, don silin kaɗai ba ya ɗaukar nauyinta. Nan ne aikin ke ƙara tsada.

Ta tsaye kuwa, ka haɗa, ka jona, shi ke nan. Ɗan haya ya fi morar ta, tunda ran tashi zai tafi da abarsa.

Amma mai gidan kansa, ni dai ta sama zan ce ya sa. Iskarta na game ɗaki a zafin Afrilu, kuma hannun yara ba ya kai mata.