Shagon cajin layinmu, da ranar da hadari ya haɗo

Shekara 3 ke nan ina kai wayata caji wani ɗan shago da ke bakin layinmu a Ɗorayi. Ni tela ne, rabin aikina ta WhatsApp yake shigowa, in waya ta mutu kasuwa ta tsaya. Yaron shagon yana da sola a kan rufi da batura biyu a ƙarƙashin kanta, in an kawo wuta kuma ya juya layi. Kowace waya yana manna mata lamba, ya ba ka kati mai irinta. Ban taɓa jin an yi musayar waya a hannunsa ba.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona ya faru ne wata Laraba cikin Agusta. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska na kwasar leda. Na je karɓar waya, na tarar da shi yana bin soket ɗaya bayan ɗaya yana zare caja, ya riga ya raba shagon da layin waje. Tawa ko rabi ba ta kai ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Kai yaro, ina da mai biki tana jiran hoton ɗinkinta." Ya ce, "Kawu, yi haƙuri. In ana cida ba na barin kayan mutane a jone. Gara ka yi fushi da ni yau da in rasa abin da zan faɗa maka gobe."

Sai jikina ya yi sanyi, don na ga irinta a gidana. Daminar bara muna zaune a ɗaki aka yi wata tsawa, cajar da ke bango ta yi ɗas, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, soket ya yi baƙi. Wayar 'yata ba ta ƙara tashi ba. Allah ya taƙaita, ba a hannunta take ba.

Mutane na cewa waya na jawo aradu. Ba wayar ba ce, igiyar da ta haɗa ta da bango ce. Ba sai aradu ta faɗo a gidanka ba, ko a kan turken wuta ta sauka can nesa, ƙarfinta na iya bin wayoyin lantarki har cikin ɗakinka. Caja kuwa an ƙera ta ne ta karɓi volt 230 ta sauke shi zuwa kamar 5, ina za ta iya da wannan? Kashe makunni ma bai wadatar ba, zarewa ake yi. Yaron nan kuma ba ya mayar da caja sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Har zagayawa ya yi da ni bayan shago ya nuna min sandar jan ƙarfe da mai haɗa masa sola ya kafa a ƙasa, mai sauke wutar da ta yi yawa zuwa cikin ƙasa.

Ina da ƙorafi biyu. In caji bai cika ba, kuɗinsa cikakke yake karɓa, ya ce ka dawo ya ƙarasa maka. Wanda gidansa ke da nisa fa? Ya kamata ya rage.

Na biyun ya fi damuna. Akwai benci a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon, nan samari ke fakewa suna jiran waya ana tsaka da walƙiya. An tsare wayoyi, an bar masu su a ƙarƙashin bishiya, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi haɗari, alhali ga masallaci ginin bulo a tsallaken titi. Na yi masa magana, ya ce bencin na mai shayi ne. Gobe da safe in na je shan shayi, shi zan fara tara da zancen.