Shagon kayan ibada na jikin katangar cocinmu

Saura mako biyu autata ta karɓi Jikin Yesu, wato burodi mai tsarki da ake bayarwa a ibadar Misa, karo na farko, na leƙa ɗan shagon nan na jikin katangar cocinmu na Katolika a Zariya. Farar riga nake nema da mayafi da kyandir da rosari, wato carbin addu'a. Shagon bai fi ɗakin gwauro girma ba, mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Amma kaya ba a magana: gicciye manya da ƙanana, hotunan Uwa Maryamu, turaren wuta, ga kalanda mai hoton Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi da aka naɗa bishof na farko na Katsina a Disamban 2023. Ita dai na saya ba ciniki, don mahaifina a can ya tashi.

Wata dattijuwa ce ke tsaron shagon, 'yar Zumuntar Mata, kowa Mama yake ce mata. Ko farashi ban tambaya ba ta dubi yarinyar ta ce, "'Yata, sakramenti nawa ne?" Ta ce bakwai. Ta ce to lissafo. Yarinya ta kawo baftisma, ƙarfafawa, Yukaristi (wato Jikin Yesu), furta zunubi, aure, sai ta cije. Mama ta ƙarasa mata da shafe marasa lafiya da naɗin firist, sannan ta ɗaga yatsu uku ta ce baftisma da ƙarfafawa da naɗi sau ɗaya ake yin su a rayuwa, hatiminsu ba ya gogewa. Ni kaina na sha jinin jikina, kada tambaya ta juyo kaina.

Muna nan wani mutum ya shigo a gigice, mahaifiyarsa na kwance a asibiti, yana neman "man shafawa mai tsarki". Na san wuraren da za a cika masa kwalba da man zaitun a karɓe kuɗinsa. Mama ta ce, "Ɗana, wannan man ba na sayarwa ba ne. Bishof ke sa masa albarka a Makon Mai Tsarki, Fada, wato firist, shi ne kuma ke shafa wa mara lafiya a goshi da tafin hannu, da addu'a. Maza je ofis ka kira shi, ba sai rai ya zo gargara ake kira ba." Ya fita bai sayi ko ashana ba. Haka ta ce mini game da rosarin: kaya take sayarwa, albarka na wurin Fada, kuma ba a biya.

Sai dai rigar ta ba ni haushi. Yadin shara-shara ne, sai da na kai wa tela ya sa mata shafi, zif ɗin kuma ya ɓalle tun a gwajin farko. Da na mayar, aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Kyandir ɗin kam mai kyau ne, ya ci har aka tashi Misa bai ɗiga wa yarinya a hannu ba.

Abin da ya fi rigar ci mini rai shi ne littafin katekizim na Hausa, wanda ake koya wa yara addini da shi, ya ƙare, sai na Turanci. Tun 1910 Fafaroma Pius na 10 ya ce yaro ɗan wajen shekara bakwai zai iya karɓa, muddin ya bambanta Jikin Yesu da burodin shayi. To yaron da ke mafarki da Hausa, ta yaya zai bambanta da haddar Turancin da bai gane ba? Na kakarsu na aro, wanda bangonsa ya yage.

Mai zuwa ya zo ranar Asabar da safe, don bayan Misar Lahadi ba masaka tsinke, kuma ya riƙo tsabar kuɗi, ba a karɓar tiransifa. Riga kuwa, a sayi yadi a kasuwa a kai wa tela.