Motar gida ko karaban? Amsa ga Alhajinmu na Landan

Alhaji, Allah ya sa albarka a ritayar. Ka ce kana so ku zaga Ingila kai da Hajiya, amma ka rasa na ɗauka: tsohuwar motar gida (motar nan mai ɗakin kwana da kicin a cikinta) ta 2008 mai injin Fiat Ducato, ko karaban, ɗakin nan da ake ja da mota. Duka biyun na riƙe.

Daɗin motar gida ba a magana. Ka tsaya inda ka ga dama, ka yi alwala, Hajiya ta ɗora shayi, ba kwancewa ba ɗaurewa. Sai dai mota ce, kuma mota ba ta son zama. Tawa ta yi hunturu guda a ajiye, na dawo batir ya mutu, birki ya kama. Ga MOT, gwajin lafiyar mota, duk shekara, ga harajin hanya, ga inshora. Taya ma da shekaru ake auna ta, ko da zanenta bai goge ba. Duba lambobi huɗun nan na gefenta, mako da shekarar da aka yi ta ke nan. Sannan kai da ke Landan, dizal ɗin 2008 bai kai ma'aunin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba, duk ranar da ka motsa ta a ULEZ, yankin da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, fam 12.50 ne. A duba nauyi kuma: in ta haura kilo 3,500 sai da lasisin C1, wanda daga shekara 70 sai likita ya sa hannu ake sabunta shi.

Karaban ba ta da inji, ba MOT, ba harajin hanya. Ka ajiye ta a sansani ka shiga gari da ƙaramar motarka. Wahalarta ja da baya, da durƙuson haɗa ta, abin da gwiwar dattijo ba ta so. Gudu kuma ba ya wuce mil 60 a babbar hanya.

Abin da ke kashe su duka danshi ne. Ruwa na bi ta bakin taga da rufi, katako ya ruɓe a ɓoye. Ni na ga sheƙin fenti na biya, daga baya na danna bangon bayan kujera yatsa ya nutse kamar a burodi. Ka buɗe kowace durowa ka shinshina, ka sa a auna da na'urar danshi kafin ka ba da ko sisi.

In fitar taku mako uku ko huɗu ce a shekara, Alhaji, ɗauki karaban. Motar gida sai wanda zai riƙa fita duk wata.