Shagon tura fim ɗin da ya haɗa wa Umma fina-finan Hema Malini

Umma ce ta tada maganar ranar Juma'a da daddare, wai ita fa ta gaji da waɗannan fina-finan Indiya na yanzu da mutum ɗaya zai daki mutum ɗari mota na tashi sama, ita Hema Malini take son gani, irin wanda suke kallo a bidiyo mai kaset lokacin suna amare. Washegari na ɗauki memori na nufi wani shagon tura fim da ke bakin titin unguwarmu, ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu da benci ɗaya da jerin wayoyi ana caji.

Abin da ya fara burge ni, yaron shagon bai kai shekara ashirin da biyar ba amma ina cewa Hema Malini ya ce "Anti matar Sarkin Ƙarfi kenan", wato Dharmendra, wanda ta aura a 1980. Na ce to an zo gidan. Ya buɗe wata folda ta tsofaffin Indiya zalla ya ce in zaɓa, na ce Sholay na 1975 dole ne, sai Seeta Aur Geeta na 1972, sai Baghban na 2003 wanda ta fito da Amitabh Bachchan a matsayin iyayen da 'ya'yansu suka raba su, kowa aka kai shi gida daban. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma turawar ba ta wuce minti ashirin ba duk da an ɗauke wuta sai da ya tada janareta.

To ga inda aka samu matsala. Mun zauna da Umma na kunna Seeta Aur Geeta, ba a yi minti biyar ba ta ce "ke wannan ai ba ita ba ce, Sridevi ce". Ni wallahi sai da na ƙura ido sannan na yarda. Ashe ChaalBaaz ya tura min, na 1989, kuma ban ga laifinsa sosai ba dan labarin kusan ɗaya ne, tagwaye aka raba tun suna jarirai, ɗaya saliha ana gana mata azaba a gidan dangi ɗaya kuma fitsararriya ta tashi a titi. Amma dai sunan da ke jikin fayil ɗin ƙarya ne, kuma wanda ke sayar da abu ya kamata ya buɗe ya duba kafin ya ba mutum. Da na koma bai yi musu ba, ya ce "yi haƙuri Anti, haka aka turo min shi", ya nemo na gaskiyan ya canza min bai karɓi ko sisi ba.

Na gaskiyan kam ya biya. Akwai wurin da Geeta a ofishin 'yan sanda ta ɗare kan fankar sama ta ƙi saukowa, Umma ta yi dariya har da tari, sau uku muna mayar da wurin baya. Wannan fim ɗin ne ya ba Hema Malini kyautar Filmfare ta jaruma, kuma in ka kalla za ka gane dalili, mace ɗaya ce amma tafiyar Seeta daban ta Geeta daban, ko ba su yi magana ba ka san wacece. Umma ta ce ai rawa ce ta koya mata haka, kuma da gaskiyarta, matar tun tana yarinya ta koyi rawar gargajiyarsu ta kudancin Indiya, Bharatanatyam, a Tamil Nadu aka haife ta a 1948, kuma ko bayan ta yi suna a fim ba ta bar dandali ba, tana shirya wasanni na rawa masu labari ta fito da kanta gaban jama'a. Na tambayi yaron ko yana da irin waɗannan na dandalin, ya ce babu, ba mai nema. Wannan kam gibi ne a wurina.

Sholay kuma iri biyu yake da shi, mai fassarar Hausa da mara fassara, ya ce in ɗauki mai fassara Hajiya za ta fi ganewa. Dan Allah in tsohon fim za ku karɓa ku ce a ba ku mara fassara. Basanti mai keken doki, wato Hema Malini a fim ɗin, duk daɗinta a surutunta yake, bakin nan ba ya hutawa, tana yi wa fasinja tana yi wa dokinta Dhanno, to in aka ɗora wata murya a kai me ya rage? Umma ba ta jin Indiyanci amma rabin maganganun ta haddace, tana faɗa kafin a faɗa. Hoton dai ya ɗan dushe a wurin da take rawa kan fasassun kwalabe gaban Gabbar, mugun fim ɗin, sautin kuma lafiya lau.

Baghban ban so na kunna mata ba ma, dan tun daga tsakiya take share hawaye da bakin mayafi tana kallona kamar ni na raba su. Da na gaya mata Hema Malini yanzu 'yar majalisa ce a Indiya, tun 2014 take wakiltar mazaɓar Mathura, cewa ta yi "oh, Basanti da siyasa".

Shagon zan koma, amma a gabansa zan riƙa buɗe kowane fim kafin in tashi. Umma ta riga ta ba ni saƙo na gaba, wai a nemo mata na farkonta da Raj Kapoor, Sapno Ka Saudagar na 1968, yaron ya ce in ba shi zuwa Laraba.