Lambar USSD ko manhajar banki: wanne ya fi dacewa da Baba?

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta wa mahaifinmu koyon tura kuɗi ta waya. Da lambar USSD muka fara, wato lambar banki da ake dannawa a waya mai farawa da * ta ƙare da #, don ba ta buƙatar data, kuma ko a ƙaramar wayarsa mai tocila tana aiki. Na rubuta masa matakan da manyan baƙaƙe a bayan kalanda.

Matsalarta gaggawa. Kafin Baba ya gyara tabarau, ya karanto lambar asusu mai alƙaluma goma daga takarda, shafin ya rufe, sai a sake daga farko. Ga cajin naira 6.98 a kowane amfani. Ran nan sau uku yana gwadawa, ya ajiye wayar ya ce, "Kai, wannan abu ba shi da ladabi."

Manhaja kuwa tana jira. Ana iya ƙara girman rubutu, sunan mai karɓa ya fito ɓaro-ɓaro, ya ɗora yatsa maimakon tuna kalmar sirri, sannan ga rasit da zai nuna wa mai shago. Sai dai tana son babbar waya da data, kuma duk sabuntawa sai maɓallan sun sauya wuri, Baba ya kira ni: "An kwashe mini kaya."

Ni dai manhajar na zaɓa masa, na bar USSD don ranar da intanet ya ɗauke. Lambar sirrin ce kawai na hana shi rubutawa a kalandar.