Yadda ake sake gina muƙamuƙi a Ingila bayan an yanke ciwon daji

'Yan uwa na Birnin Kebbi da Argungu, abin da ya fi tsaya mini a rai a asibitocin Ingila shi ne ganin dattijon da aka cire wa rabin muƙamuƙi saboda ciwon daji, amma bayan 'yan makonni yana shan shayi da bakinsa, yana magana ana ganewa.

Ramin da tiyata ta bari ba a ɗinke shi haka nan. Ana ɗauko nama daga wani wuri a jikin mai shi, tare da jijiyoyin jininsa, kamar dashen shinkafa da ake cirowa da saiwarsa. In harshe ne ko cikin kunci, fatar cinya ake ɗauka, ko fatar hannu ta saman wuyan hannu bayan an gwada cewa jijiyar da za ta rage za ta iya ciyar da hannun. In muƙamuƙi ne, siririn ƙashin ƙwauri ake cirowa, a bar kamar santimita 6 sama da ƙasa don kada gwiwa da idon sawu su yi rauni. A yayyanka shi ya bi siffar haɓa, a ɗaure da farantin ƙarfe. Tun 1989 ake wannan. Sai a ɗinka jijiyoyi masu faɗin milimita 2 ko 3 da na wuya a ƙarƙashin madubin tiyata mai ƙara girman abu. Aikin kan ci awa 8 zuwa 12.

Amma wallahi abin da ya fi burge ni tsaron dare ne. Kwana biyu zuwa uku na farko, duk awa sai nas ta duba naman: launinsa, ɗuminsa, ta ɗora na'urar jin bugun jini. In ya yi fari ya yi sanyi, jini ba ya shiga. In ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, jini ba ya fita, kuma wannan ya fi faruwa. Ko ƙarfe uku na dare ne za a koma tiyata, domin jinkirin 'yan awanni kan kashe naman. Igiyar bututun numfashin da ake sa wa majinyaci ma ba a ɗaure ta tamau a wuya, don kada ta matse jijiyoyin da aka ɗinka.

Mai jinya dai babu. 'Yan dubiya na da lokacinsu, abinci niƙaƙƙe ne salam, babu mai shigo da kunun tsamiya a fulas. Nan kam gida ya fi.

Inda muke cutar kanmu shi ne jinkiri. A Ingila gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, gaggawa ake tura shi ga ƙwararru. Mu kuwa sai a ce daji ba ya son ƙarfe, a yi ta shafe-shafe da tsagar wanzami, mai anguru yana ci gaba da abinsa, har ciwon ya cinye ƙashi ya sauka wuya. Ga shi muna da masu hannu: asibitin Noma na Sakkwato ya daɗe yana gyaran fuskokin yaran da cutar Noma, mai cinye naman fuska, ta ɓata. Akwai ma dabarar da aka fito da ita a 1979, ta juyo tsokar ƙirji ta ƙarƙashin fata zuwa wuya ba a yanke jijiyarta ba. Ba ta buƙatar madubi, asibitin da ke da ƙwararren likita da jini a ajiye zai iya yin ta.